Zagaye Goman Farko

A sana'armu akwai wata al'ada da kowa ya yarda da ita. In za ka auna saurin manhaja, sai ka sa ta ta maimaita aiki ɗaya sau talatin, ka zubar da zagaye goman farko, ka rubuta abin da sauran suka nuna. Malamin da ke duba aikina na digiri na biyu haka ya koya mini, shi ma haka aka koya masa. Ranar da na kai masa sakamakon farko da goman nan a ciki, jan biro ya ɗauka ya ja musu layi, ya ce wannan ba awo ba ne, injin bai farka ba tukuna. Na ji kunya sosai a ranar, ban kuma sake ba.

Bari in faɗi abin da nake aunawa a taƙaice, don na sha ganin idon mutane yana lumshewa in na fara. Yarukan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da su iri biyu ne. Akwai masu tsauri, waɗanda sai ka bayyana musu komai tun daga bakin ƙofa, wannan lamba ce, wannan rubutu ne, in ka saɓa su ƙi motsi. Akwai kuma masu sakin jiki, waɗanda ƙunshi kawai za ka miƙa musu, sai aiki ya zo kansa su kwance su ga abin da ke ciki. Na biyun sun fi daɗin rubutu, amma kwance ƙunshi a kai a kai yana cin lokaci. Nawa aikin shi ne a ɗauki yare mai sakin jiki a sauke shi a kan injin da tun asali mai tsauri aka gina wa, a ga yadda zai yi gudu. Ba injin ƙarfe ba ne, shi ma rubuta shi aka yi. Shi ke raba wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, shi ke share abin da aka gama da shi. In ka tayar da shi, da farko layi-layi yake bin umarni, a hankali, kamar mai karatu da yatsa. Amma yana lura. Hanyar da ya ga ana yawan bi sai ya haddace ta, ya ce ai ƙunshin nan kullum lamba ce a ciki, ya daina kwancewa, ya wuce a guje. A nan muke cewa ya yi zafi. Gudun da ya yi bayan ya yi zafi shi ke shiga takarda, na kafin nan kuwa shara muke ɗaukarsa.

Saura wata uku in miƙa aikin, Yayata ta kira ni a waya. Ta ce Baba ya faɗi a gona yana sharar bazara, an kai shi asibiti a Gaya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya yi nauyi. Kwana goma sha ya yi a can aka sallame shi, muka mai da shi gida Toranke, a ƙasar Ajingi. Inna ta daɗe da rasuwa, mu biyu muka rage masa. Yaya ta baro ɗakinta a Kademi ta dawo jinya, ni kuma na taho daga Kano da jakar kaya da kwamfuta.

Ba jinya kaɗai ta kawo ni ba, gara in faɗi gaskiya. Akwai magana tsakanina da Baba wadda ta shekara tara a kwance. Shekarar da yayanmu namiji ya rasu, ita ce shekarar da na samu gurbin karatu. Baba ya riga ya hori shanun huɗa biyu da hannunsa, wata rana bayan la'asar, a ƙofar gida, cikin abokansa, ya ce, "Bana kai za ka riƙe garma." Ni kuma a lokacin kaina yana hayaƙi, na ce ni ba zan ƙare rayuwata a bayan jelar shanu ba. Haka na faɗa, a gaban mutanen da duk a bayan jelar shanun suka tsufa. Bai zage ni ba, bai yi mini baki ba. Ya dube ni ya ce, "To." Amma Baba mutum ne da ko buta ka miƙa masa sai ya ce Allah ya yi maka albarka. Ya ce wa mai tallar goro, ya ce wa surukinsa, ya ce wa Yaya sau goma a yini. Ni tun daga ranar bai ƙara ce mini ba. Na tura kawu ya ba shi haƙuri. Ni da kaina na durƙusa a gabansa sau biyu da sallah, ya ce, "Tashi mana, ya hanya?" ya shiga zancen gero. Don haka abin da na zo nema kalma uku ce, na yafe maka, kuma likita ya gaya mana a fakaice cewa kada mu yi dogon lissafi.

Na kafa shago a soro. Akwai 'yar sola a kan rumfa da batir ɗaya, sun isa kwamfuta in an lallaɓa. Wutar ba ita ce matsala ba, zafi ne. Wanda ya san bazarar Ajingi ya san da hantsi ya ɗaga ko bango ba ya taɓuwa. Kwamfuta kuwa in ta ji zafi rage gudu take yi da kanta don kada ta ƙone, awon ranar duk ya lalace, ba ka san ko yaren ne ya gaza ko rana ce. Na jiƙa buhu, na kifa faranti a kai, na ɗora ta, duk da haka daga bayan asuba zuwa hantsi kawai nake da shi. Yaya in ta zo wucewa da tsintsiya sai ta leƙo ta ce, "Auta, an yi wa jaririyar wanka? Ko in kawo mata kunu?" Ni ba dariya nake yi ba, ita kuma ba ta fasa ba.

Cikin kwana kaɗan na lura da yadda bakin Baba yake. Da sassafe ba a gane komai. Harshen kamar ba nasa ba, ya kama kalma ta suɓuce, ya sake kamawa, yawu yana zuba, Yaya tana gogewa da gefen zani. Sai ta wanke masa fuska, ta ba shi kunu cokali-cokali, ta murza masa kafaɗa da man zafi, rana ta ɗan ɗaga, sannan maganar ta fara sakuwa. Kafin hantsi ya yi, Baban da na sani ya dawo, yana faɗan an bar akuya ta shiga rumbu, yana tambayar wa ya ari fartanya bai dawo da ita ba. Da na gane haka, wallahi har wani daɗi na ji a raina, irin daɗin wanda ya ga abin da ya karanta a fili. Na ce ai na san wannan, sai ya yi zafi. Lissafi ya fita daidai: safiya ta kwamfuta, hantsi na Baba, ba wanda aka zalunta.

Kawu ne ya ba da shawarar a ɗauki maganar Baba a waya, saboda iyakokin gonakinmu ba takarda, a kan Baba suke. To kullum da hantsi sai in rufe kwamfuta, in shiga ɗakinsa, in zauna a kan tabarmar da ke gefen gadonsa ta hagu, ɓarin da yake da rai, in danna wayar. Ya bi da ni gonar hanyar Gafasa taku-taku, daga tsamiya zuwa layin gamba, daga nan zuwa inda gawo ya taɓa tsayawa kafin a sare shi, ya ce kututturen yana nan in an tona. Ya gaya mini wace kusurwa ce ruwa ke kwanciya, wace ce ba ta son gyaɗa, da wane maƙwabci ne ke matso da kunya ɗaya duk shekara in ba a sa ido ba. Ina saurare, amma kunnena ɗaya yana jiran wata maganar daban. Kullum in na tashi sai in ɗan jinkirta a bakin ƙofa, ko zai ce wani abu. Sai ya ce, "Ja mini labulen."

Wata rana ya tambaye ni me nake yi a soro tun asuba. Na yi murna, don bai taɓa tambayar aikina ba. Na rasa ta inda zan ɓullo masa, sai na kamo shanu.

Na ce, "Baba, kamar shanu ne da safe. Kunyoyin farko ba su gama sakin jiki ba, sai an ɗan jima suke kama tafiya. To tafiyar nake aunawa."

Ya ce, "Kunyoyin farkon fa, yaya kake yi da su?"

"Ba a lissafa su."

"A gonar wa?" Ya yi dariya da rabin bakinsa. "Ni dai a tawa har ta farkon shuka ake yi."

Na ɗauka gori ne, tsohuwar maganar garma ce ya biyo da ita ta bayan gida. Raina ya ɓaci, na kashe wayar na fita. Ina da saurin fushi, a wajensa na gada, Yaya ta ce mu biyu in aka haɗa mu a tukunya ɗaya ba a buƙatar itace.

Sau ɗaya na shiga ɗakin da sassafe, ranar da batir ya kwana ba caji. Yaya ta fita ɗebo ruwan zafi. Yana ganina ya ɗago hannun hagu ya kama wuyan hannuna, riƙon da ban zaci yana da sauran ƙarfinsa ba. Bakinsa yana motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa ya kawo ruwa. Abin da ke fita bai wuce "na… na…" ba. Ban taɓa ganin Baba haka ba. Mutumin da in ya yi gyaran murya a soro kaji ma sai su natsu, ga shi yana kokawa da harafi ɗaya. Na kasa kallo. Na zare hannuna a hankali na ce, "Baba, kada ka wahalar da kanka. Bari bakin ya saku, ina nan dawowa." Na fita na tsaya a bayan rumbu har hantsi, alhali ba kwamfutar da ke jirana. Na daɗe ina ɗora wa aikin laifi, amma a ranar ba aiki, tsoro ne kawai ya kore ni. Da na dawo ya warware, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Jiya a ina muka tsaya? A tsamiya?"

Bayan nan Yaya ta kan zo soro jefi-jefi ta ce, "Baba na nemanka." In ce, "Ya warware?" Ta ce, "A'a." In ce, "To bari ya warware, yanzu ko na je ba abin da zan gane." Ta tsaya ta dube ni, ta juya.

Akwai wata safiyar Laraba da ba zan manta ba. Kwana biyu ina fama da wani abu: gudu yana tafiya lafiya, sai a zagaye na goma sha tara ya faɗi warwas, sannan ya tashi. Abu biyu ne ke jawo haka. Ko dai injin ya buɗe ƙunshi ya tarar ba lamba ba ce, zatonsa ya karye, ya watsar da haddarsa ya koma bin layi-layi, ko kuma mai sharar injin ne, wanda ke kwashe abin da aka gama da shi, ya tsayar da kowa don ya share wuri. In na farko ne, babi guda na aikina ya rushe. A safiyar na kusa kama bakin zaren, hadari kuma ya ɗan taso, iska ta yi sanyi, kwamfuta tana aiki kamar sabuwa. Yaya ta zo sau ɗaya, na ce ina zuwa. Ta zo na biyu, na ce na ji. A na uku ta tsaya a kaina ta ce, "Auta, ka tashi ka zo yanzu." Na daka mata tsawa, ni da ta goya. Na ce wai ba za a bar mutum ya yi abin da zai amfane shi ba, minti ashirin kawai nake nema, Baba ba gudu zai yi ba. Ta sa gefen mayafi ta share ido ta koma. Minti ashirin ɗin suka zama awa ɗaya da rabi, na gano mai shara ne, babina ya tsira. Na shiga ɗakin Baba ina fara'a. Ya yi mini zancen irin dawa da ya ɓoye a tulu, ya ce kada a shuka kafin ruwa na biyu.

Ranar Asabar aka yi ruwan farko. Ranar Lahadi da walaha ya cika, ina riƙe da ƙafarsa, Yaya tana yi masa kalmar shahada. Tun daren Asabar ɗin bai ƙara magana ba. Aka kai shi kafin azahar, ƙasa da laushinta, masu haƙa suna cewa ya yi sa'ar makwanci.

Na daure har aka yi sadakar bakwai, baƙi suka watse. Da yamma muna zaune a tsakar gida, Yaya tana ɗaure kayanta za ta koma Kademi, abin ya fashe mini. Na ce mutumin nan taurin zuciyarsa ya kai har kabari. Na ce wata biyu ina zaune a gabansa kullum, ya gaya mini inda kututturen gawo yake, amma kalma uku ta gagare shi. Na ce me na yi da ba a taɓa yi ba? Ina magana ina kuka, ban san ina ɗaga murya ba.

Ta bar ɗaurin ta zauna a kan turmi. Ta ce, "Ka gama?"

Na share hawaye da hannun riga.

Ta ce, "Ya faɗa. Kai ne ba ka nan."

Ta ce tun makon farko, da ya buɗe ido abin da yake fara nema ke nan. Sai ya juya kai wajen tabarmar da nakan zauna a kai ya fara, "na… na ya…" ya kasa, ya yi ta yi har gumi ya keto masa. Wata rana ya kai rabi, wata rana ko rabin bai kai ba. Da baki ya saku kuwa, sai girman kan ya dawo tare da maganar, in ta ce, "Baba, ga shi nan ya zo, faɗa masa," sai ya harare ta ya ce ta fita ta duba tukunya. Ta ce, "Ka san halinsa. In yana da ƙarfi ba zai iya ba. Sai a lokacin nan da ba shi da komai."

Na ce don me ba ta gaya mini ba.

Ta ce, "Ya hana ni. Ya ce ba saƙo ba ne, da bakinsa zai faɗa. Ni kuma sau nawa na zo soro?" Ta ɗan tsaya. "Ranar Larabar nan ya haɗa ta duka. Na yafe maka, Allah ya yi maka albarka. Tiryan-tiryan, har sau biyu. Yana kallon tabarmar. Ban sani ba ko ya ɗauka kana kai."

Malamai sun ce mini yafiya ta tabbata tunda ya furta, ko ina nan ko ba na nan, kuma na yarda da su. Yaya ba ta ƙarya, ko don ta sanyaya mini rai. Amma ni ban ji ba. Shekara tara ina jiran in ji da kunnena, aka faɗa taku ashirin daga inda nake zaune, ina bin sawun mai shara.

Na miƙa aikin a kan lokaci, aka ce ya yi kyau. Har yau a wannan fannin nake ci, har yau in ɗalibi ya kawo mini awo da zagayen farko a ciki nakan nuna masa dalilin da ya sa ake ware su, don dalilin gaskiya ne, injin bai yi ƙarya ba. Jan biron ne dai ba na iya ɗauka. Gonar hanyar Gafasa kawu ke nomawa, mun tona mun samu kututturen daidai inda Baba ya ce.

Muryarsa tana nan a wayata, guda arba'in da ɗaya, na kwafe su a wuri uku don kada su ɓata. Shekarar farko na bi su ɗaya bayan ɗaya da abin ji a kunne, ina ƙara sauti, ko wani abu ya maƙale a farkon wata, ko da rabin kalma ne. Babu. Duk a warware yake, muryar garau, yana faɗa, yana lissafa itatuwa. Ba a taɓa danna wayar ba sai da na tabbata ya yi zafi. Kowace ka buɗe, abin da za ka fara ji muryata ce, a natse, irin ta wanda ya san aikinsa, ina cewa, "To Baba, yanzu mu fara."